Ɗaliba Matar Aure da Takardar Asali: Wace Jiha Ce Tata?

 

Maganar da ta tara mu yau a Dinawa ta ƙaramar hukumar Wurno magana ce ta takarda falle ɗaya, wato takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda yaranmu ke kira takardar indijin. Duk wanda ya taɓa raka ɗansa neman makaranta ya san kamanninta: hoton fasfo a manne a kusurwa, hatimi ya taka rabin fuskar mai hoton, sunan mutum da na mahaifinsa da gundumarsa, sai sa hannun shugaban ƙaramar hukuma ko sakatarensa a ƙasa. Hanyar samunta ma sananniya ce. Mai unguwa ya ce ya san ka, hakimi ko uban ƙasa ya rubuta wasiƙa, a kai sakatariya a buga. Da wannan falle ake raba ɗalibai gida biyu a makarantun jiha, ɗan jiha ya biya kuɗi kaɗan, wanda ba ɗan jiha ba ya biya da yawa. Da ita ake shiga layin tallafin karatu, da ita ake neman gurbi, kuma ita za a fara tambaya ranar neman aiki. Ga namijin da aka haifa a nan, ubansa ma a nan, ba wata wahala. Wadda takardar ke wahalarwa ita ce macen da aure ya kawo ta.

A ɗauki yarinyar da aka haifa a Bakura ta Zamfara ko a Jibiya ta Katsina, aka ɗaura mata aure da mutumin Dinawa, aka kawo ta da jerenta. Ta yi shekara takwas a ɗakinta, ta haifi uku, a rijiyar unguwa take ɗiban ruwa, a rumfar zaɓen unguwar take jefa ƙuri'a. Ta kammala sakandare, maigidanta ya yarda ta ci gaba, tana son karatun ungozoma ko na koyarwa. Da ta je neman takarda, tambayar farko ita ce ina aka haifi mahaifinta. Sai a ce ta koma can. In ta yi sa'a ta isa garin uban nata, za ta sami takardar asali, amma ranar rabon tallafi za a ce mata ai ke kin yi aure, kin zama 'yar Sakkwato, ki nema a jihar mijinki. Ta tashi biyu babu. Mu ne muke cewa 'ya mace 'yar gidan wani ce, muna faɗa tun tana goye, sai ga shi ranar da ta isa gidan wanin, takarda ta ce ba ta iso ba. Abin da nake so in tabbatar a wannan zama shi ne cewa aure hujja ce ingantacciya ta zama a wuri, kuma ɗalibar da aure ya zaunar da ita a Jihar Sakkwato ta cancanci abin da ɗan jiha ke samu a makarantun jiha, ba tare da an sa ta yi ƙaryar asali ba.

Ya kamata mu san inda ƙa'idar ta fito, domin da yawa suna zaton rowar ma'aikatan sakatariya ce. Tsarin raba daidai tsakanin jihohi ya shiga kundin tsarin mulki a 1979, kuma kundin 1999 ya riƙe shi a sashe na 14. Sashe na 318 ya bayyana wanda ake ɗauka ɗan jiha: wanda ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ya fito daga al'ummar da ke da asali a jihar. Bai ambaci aure ba, bai ambaci daɗewa a wuri ba. Hukumar Raba Daidai ta Tarayya, wadda dokar 1996 ta kafa, ta ƙara da cewa matar aure za ta ci gaba da riƙe jiharta ta asali wajen rabon muƙaman tarayya. An ga aikin wannan ƙa'ida a watan Nuwamban 2012, lokacin da Alƙaliyar Alƙalan Najeriya, Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, ta dakatar da rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara, saboda haifaffiyar Anambra ce kuma an kawo ta a gurbin Abiya, jihar mijinta, inda ta yi shekaru tana alƙalanci. Sai da Majalisar Dattawa ta sa baki, daga baya aka rantsar da ita. Idan babbar alƙaliya ta tsaya a bakin wannan ƙofa, me ake tsammani ga yarinyar da kuɗin motarta zuwa Wurno ma sai an yi mata karo-karo?

An yi yunƙurin gyarawa daga sama, bai kai gaci ba. Ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta kayar da ƙudirin da zai bai wa mace damar zama 'yar jihar mijinta bayan shekara biyar da aure. Mata suka yi zaman dirshan a ƙofar majalisa, Majalisar Wakilai ta ce za ta sake dubawa, amma gyare-gyaren kundin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2023 ba su ƙunshi wannan ba. A 2025 Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo wani ƙudirin mai kama da shi, wanda ya haɗa da daɗewar zama da aure, suka ta yi yawa, ya janye. Don haka wanda ya ce a jira Abuja, a gaskiya ya ce wa wannan ɗalibar ta haƙura da karatu. To, amma a lura da abu biyu. Ƙa'idar da ta ɗaure matar aure ga jihar ubanta ta rabon tarayya ce. Ba ita ke yanke kuɗin da za a biya a Jami'ar Jihar Sakkwato ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi ko a Kwalejin Aikin Gona ta nan Wurno ba. Wannan hurumin gwamnatin jiha ne da majalisarta. Na biyu, ƙa'idojin Hukumar Raba Daidai da kansu sun yarda cewa wanda ƙaramar hukuma ta karɓa a matsayin nata, nata ne, muddin bai riƙe ƙananan hukumomi biyu ba. Ƙofar ba a kulle take ba kamar yadda ake faɗa.

Kundin da ake kafa hujja da shi a kanta, yana da wani sashe da ke goyon bayanta. Sashe na 15 ya ɗora wa hukuma ta tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken haƙƙin zama a ko'ina cikin tarayya, kuma ta ƙarfafa auratayya tsakanin mutanen da asalinsu ya bambanta. Lauyoyi za su ce babin da wannan sashe yake ciki ba a kai ƙara kotu a kansa, kuma gaskiyarsu ne, sashe na 6 ya hana. Sai dai sashe na 13 ya wajabta wa duk mai riƙe da iko ya yi aiki da shi, kuma ba daidai ba ne hukuma ta ƙarfafa aure da baki sannan ta ci tarar amarya a ofishin biyan kuɗin makaranta. Ga kuma sashe na 26, wanda ya ba macen wata ƙasa da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajista ta zama 'yar ƙasa. Ke nan ga matar da aka auro daga Maraɗi ko Ƙonni akwai hanyar da doka ta shata mata zuwa abu mafi girma, wato zama 'yar Najeriya, alhali wadda aka auro daga Katsina ba ta da hanya zuwa abin da bai kai wannan ba. Abin da ya fi ciwo shi ne 'ya'yan da ta haifa 'yan asalin Wurno ne ba gardama, ita da ta haife su kuwa baƙuwa ce a takarda har ta tsufa.

Iyakokin da muke tsaye a kansu ma jiya-jiya aka ja su. A 1967 aka yi Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 aka raba ta Sakkwato da Neja, a 1991 aka cire Kebbi, a 1996 aka cire Zamfara. Matar da aka kawo Rabah daga Talatar Mafara a 1995 'yar jiha ce ranar da ta tare. Bayan shekara ɗaya ta wayi gari ba 'yar jiha ba, kuma ko ƙofar zaure ba ta taka ba. Wannan ƙasa tamu kuwa, in an bi tarihinta, zama ne ya gina ta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta aka haife shi, garin da yau yake cikin Jamhuriyar Nijar. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da Wurno ribaɗi, ya tara mata jama'a daga wurare dabam-dabam, malamai da mayaƙa da masu sana'a da makiyayan da ya ƙarfafa wa zama wuri ɗaya, kuma a nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake. Mafi yawan gidajen da yau ba a shakkar asalinsu a wannan yanki, in aka bi salsala, za a tarar da kakan da ya zo daga wani wuri ya sauka aka karɓe shi.

Suka ta farko da za a yi wa wannan magana daga malamai za ta fito, kuma tana da nauyi. Za su ce shari'a ta hana a jingina mutum ga wanda ba mahaifinsa ba, aure kuma ba ya canza nasaba, don haka rubuta cewa 'yar Bakura 'yar asalin Wurno ce shaidar zur ce. Na yarda da wannan gaba ɗaya, kuma shi ne dalilin da ya sa ba takardar asali nake nema mata ba. Tsarin da ake kai yanzu shi ne ke haifar da zur ɗin, domin da yake takarda ɗaya ce tak ke buɗe ƙofa, sai miji ya je wurin mai unguwa a lallaɓa, a rubuta sunan surukinta ko na wani dattijon gidan a gurbin uba. Mai unguwa ya sa hannu a kan abin da ya san ba haka yake ba, don tausayi, kuma ranar da ta kai wani matsayi, wani ya tono maganar ya kai ƙorafi. Abin da ya dace shi ne takarda ta biyu, ta shaidar zama, wadda za ta faɗi gaskiya tsantsa: wance 'yar wane, asalinta wuri kaza, matar wane ce, tana zaune a unguwa kaza tun shekara kaza. Fiƙihunmu kuwa ya daɗe da sanin cewa aure yana kafa mazauni. Miji ne aka ɗora wa samar da wurin zama. Wadda aka saka a ɗakinta take idda, wadda mijinta ya rasu a ɗakinta take takaba wata huɗu da kwana goma. Ɗaliban Mukhtasar na Khalil sun san wata mas'ala a babin sallar matafiyi: a mazhabar Malikiyya, matafiyin da ya shiga garin da matarsa take, wadda ya riga ya tare da ita, hukuncin tafiyarsa ya yanke, ya daina ƙasaru ya cika salla, ko da ba garinsu ba ne. Idan aure ya isa ya mai da gari gida a sha'anin salla, bai kamata ya gaza ba a sha'anin kuɗin rajista.

Suka ta biyu ita ce ta fi yawo a zukata ko da ba a furta ta a taro. Ana cewa abin da jiha ke da shi kaɗan ne, namu 'ya'yan ma bai ishe su ba, kuma an ƙirƙiro kariyar asali ne don kada waɗanda suka riga mu nisa a boko su kwashe komai. Ba na raina wannan tsoro. Sakkwato tana cikin jihohin da aka ware a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko, kuma a tsarin shiga jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin ɗari na guraben ana ba da su bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewayen jami'a, kashi 20 ga irin jihohinmu. Wannan kariya ta amfane mu, ba kuma ita nake neman a rushe ba. Tambayar ita ce me ake son kariyar ta haifar. Jiha tana rage wa ɗanta kuɗin makaranta ne don ta sami malamai da ma'aikatan lafiya da za su tsaya su yi mata aiki. To, wa ya fi matar aure tsayawa? Saurayin da aka koyar da kuɗin jiha yana iya tafiya Abuja ko Legas da ya karɓi sakamako, ba laifi ba ne, nema ne. Ita kuwa ɗakinta a nan yake, 'ya'yanta a nan, in ta zama ungozoma a asibitin da ke kusa da gidanta za ta karɓi haihuwa. Kowa a wannan taro ya san yadda mata a karkara ke jan ƙafa wajen zuwa awo in namiji ne zai duba su, ya kuma san makarantun da iyaye ke cire 'ya'ya mata saboda babu malama ko ɗaya. Jihar ubanta ba za ta ci moriyar karatunta ba, shi ya sa take jan jiki. Mu da za mu ci moriyar, mu ya kamata mu biya. Wanda ya hana wa gonarsa taki don jakin da ya ɗauko shi na wani gari ne, kansa ya cuta.

Sai batun algus. Za a ce da an buɗe wannan hanya, za a riƙa ɗaura auren takarda don a sami rangwame. A nan ne al'adarmu ta fi ta wasu ƙasashe sauƙin tantancewa. A lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, ɗalibi yana iya samun tallafin karatu na lardin idan shi ko abokin aurensa ya zauna a can wata 12 a jere, kuma su da takardu suke tabbatarwa. Mu aurenmu ba a ɓoye ake yinsa ba. Akwai waliyyi, akwai wakilin ango, akwai shaidu, an ambaci sadaki a gaban jama'a, an raba goro, an kai amarya mata na guɗa. Mai unguwar da bai san wadda aka kawo unguwarsa shekara uku da suka wuce ba, da wuya a same shi. Rauninmu ɗaya ne: ba mu rubutawa. Galibin auren karkara ba shi da takarda, sai buƙata ta taso a garzaya kotu neman takardar rantsuwa. Maganin wannan yana hannun limamai. Littafi ɗaya mai bango a kowane masallacin da ake ɗaurin aure, a rubuta rana da sunayen ma'aurata da waliyyi da shaidu biyu, a sa hannu ko a dangwala yatsa, hakimi ya riƙa duba shi lokaci-lokaci. A kuma sa sharaɗin daɗewa. Ni a ganina shekara biyar da aka kawo a ƙudirin 2022 ta yi wa ɗaliba yawa, domin shekarun karatun mace gajeru ne, haihuwa da reno suna cinye su. Shekara biyu na zaman aure a cikin jihar sun isa su raba na gaskiya da na bogi. Ba wanda zai ciyar da mace ya tufatar da ita shekara biyu don ragin kuɗin rajista.

Halin da gabashin Sakkwato ke ciki ya sa maganar ta wuce ta adalci kawai, ta zama ta tsaron rai. Tun harin Tabanni a ƙasar Rabah a 2018, wanda ya tura jama'a gudun hijira zuwa Gandi, da harin kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021, kowa ya san abin da hanya ta zama. Garuruwa sun watse, takardu sun ƙone tare da ɗakuna, masu unguwanni da kansu suna zaune a wasu garuruwan. Cewa da mace mai goyo ta kama hanyar Shinkafi ko Zurmi don ta samo hatimi a kan falle ɗaya, umurni ne da ba mai iya bai wa 'yarsa ta cikinsa. 

Akwai kuma tsoron cin tudu biyu, wato a karɓi tallafi a jihohi biyu, kuma shi ne mafi sauƙin magancewa. A da, mutum na iya karɓar tallafi a Gusau ya karɓa a Sakkwato ba mai ganewa. Yanzu ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma asusun ba da rancen karatu na NELFUND, wanda dokar 2024 ta kafa, da lambar NIN da BVN yake gane ɗalibi. Hukumar tallafin karatu ta jiha na iya sharɗanta cewa duk wadda ta karɓa ta hanyar zama ta sa hannu ba ta karɓa a jihar asalinta, a ɗaura wannan a kan lambarta. Asalinta yana nan yadda yake don rabon tarayya, zamanta yana aiki a makarantun jiha, ba wanda ya shiga gonar wani.

Akwai tambayoyi biyu da duk dokar da za a rubuta sai ta amsa. Ta farko, in auren ya mutu fa, ko mijin ya rasu tana tsakiyar karatu? Ra'ayina shi ne wadda ta shiga makaranta da wannan matsayi ta riƙe shi har ta kammala. Saki a ƙasarmu ba abu ne mai wuyar faruwa ba, kuma idan matsayinta na ɗaliba ya rataya a kan kalma ɗaya daga bakin miji, an ba shi makamin da shari'a ba ta ba shi ba. Lokacin da mace ta rasa miji shi ne lokacin da ta fi buƙatar sana'ar da take koyo, galibi kuma ga marayu 'yan jihar a hannunta. Ta biyu, namijin da ya zo daga wata jiha ya auri 'yar gari fa? Na san nan ne wasu za su ja baya, amma mas'alar ƙasarun da na kawo a kan namiji take magana. Wanda ya zo Goronyo noman rani, ya auri 'yar gari, ya kafa gida, yana biyan haraji a nan, mazauni ne, kuma sharaɗi ɗaya ya kamata ya hau kansa: a ga zaman a zahiri, ba auren kaɗai ba. Wanda ya ɗauke matar ya tafi da ita garinsu ba shi da abin nema a wurinmu.

Dokar da za ta ɗaure makarantun jiha sai ta bi ta Majalisar Dokoki a Sakkwato, kuma wakilan Wurno da Rabah da Goronyo ne ya fi dacewa su ɗauki ƙudirin, tunda mutanensu ne ke kusa da iyaka. Kafin nan, majalisar ƙaramar hukuma na iya amincewa da samfurin takardar shaidar zama ta fara bayarwa, iyayen ƙasa su umurci hakimai su daina sa hannu a kan asalin da suka san ba shi ne ba, limamai kuma su buɗe littafin rajistar aure daga ɗaurin auren da ke tafe, su bi na baya su rubuta tun shaidun suna da rai.